Warin Takalmi a Cikin Hanji

Na san abin da aka gaya muku. Kada ku ɗauka don na yi shiru ban ji ba. An ce muku ubanku ne ya yi wa yayansa baki, ya kira masa ciwo a gaban jama'a ranar Sallah, ciwon kuma ya amsa kira. Ke Hafsa, akwai ranar da kika dawo daga gidan Inna kakarku idonki jawur, na tambaye ki kika ce hayaƙin murhu ne. Ba hayaƙi ba ne, na san abin da aka faɗa miki a tsakar gidan nan. Kai kuma Mubarak, ina lura da kai, ka daina bi ta bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, kana zagayawa ta Darmanawa kamar wanda ya yi sata. To wannan rubutun naku ne ku biyu, da ƙannenku in sun yi hankali. Karatuna bai yi nisa ba, kun sha yi wa rubutuna dariya, amma abin da na gani da idona ba sai da digiri zan faɗe shi ba.

Kakanku, Baba, maganin basir yake sayarwa. Tun Gyaɗi-Gyaɗi tana da gonaki a bayanta yake shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya jera ƙulle-ƙullen gari da sassaƙe da saiwoyi. A gidanmu duk abin da ya shafi ƙasan mutum sunansa basir. Jini a bayan gida, basir. Murɗawar ciki, basir. Rama da kasala da jiri, basir ne ya hau sama. Ina saurayi Baba ya kwanta. Ya yi ta zubar da jini, ya rame har mutum ɗaya yana ɗaga shi, cikinsa kuma ya kumbura ya yi tauri kamar tulu. Babu wanda ya kawo maganar asibiti, don ina za a kai mai magani? Da ya rasu sai aka ce basir ne ya rama, wai ya daɗe yana korarsa daga jikin mutane shi ne ya taru ya faɗa masa. Har da alfahari ake faɗin wannan magana a gidanmu, kamar wanda ya mutu a fagen fama.

Yaya Sabo ne ya gaji buhun. Amma shi bai zauna a gindin bishiya ba. Ya samu wata tsohuwar mota, ya ɗaura mata lasifika a kai, ya naɗi muryarsa yana saki tun hantsi har la'asar. Allah ya ba shi baki, wannan ko maƙiyinsa ya sani. In ya fara, masu Adaidaita har rage gudu suke don su ji ƙarshen zancen.

"Basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai sa Alhaji ya zauna da gefe guda kamar kujerar aro ce! Bawan Allah, kada ka ji kunya, matso kusa. Wanda ke kusa da kai ma yana da shi, dauriya ce kawai ya fi ka!"

Ina so ku san wani abu kafin in ci gaba, don kada ku ce ƙiyayya ce ta sa ni rubutu. Yaya Sabo ne ya riƙe ni bayan Baba. Shi ya ciyar da ni, shi ya kai ni wurin maigidan da ya koya mini gwanjon takalma a kasuwar Tarauni, shi ya shige gaba aka nemo mini mahaifiyarku. Ban taɓa kiransa da sunansa kai tsaye ba, ban taɓa zama a kujera yana tabarma ba. In akwai wanda nake so a duniya bayan Inna, to shi ne. Ku riƙe wannan.

Sana'ata kun san ta. A kawo dila a ɗaure, ka yanke igiya, takalma su zube, ka zauna kana haɗa hagu da dama. Wanda ka rasa ɗan'uwansa shi ne wari, ka jefa shi a buhun gefe. Kowace dila ba ta rasa wari ɗaya ko biyu. Amma in ka buɗe ka ga wari ya yi yawa, hagu uku iri ɗaya babu dama, to tun daga can inda aka ɗaure ta aka cuce ka, kuma abin da ke ƙasa ya fi na sama muni. Na faɗi wannan ne don za ku ji inda ya dawo.

Shekarar da aka haifi Auta na fara ganin jini. Ban damu ba, ɗan gidan magani ne ni. Na je wurin Yaya ya ƙulla mini na jiƙawa da na sha da kunu, ya ce in bar yaji da zama a kan benci. Na sha har damina ta wuce, sanyi ya shigo ya fita. Jinin ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo. Na fara haki in na ɗaga dila. Wata ranar kasuwa na sunkuya zan ɗauko wa wani yaro kambas, sai kawai na ji ni a ƙasa, takalma a kaina. Wadda ta fara isowa Maman Uche ce, mai shagon kayan masarufi da ke jikin rumfata. Iyayenta daga kudu suka zo amma a Kano aka haife ta, ta kuma taɓa aiki a wani ɗakin shan magani kafin ta kama kasuwa. Ta yayyafa mini ruwa, ta ja fatar idona ƙasa da yatsa ba ko neman izini.

"Malam Habu, wannan idon fari fat kamar takarda. Jininka ina yake tafiya?"

"Basir ne, Madam."

"Ku dai komai basir. Mota ta buge mutum ma sai ku ce basir ne ya tura shi titi. Tashi mu je."

"Yayana mai magani ne."

"Na sani, ina jin sa kullum, har na haddace. Tashi mu je, ko in aika a kira matarka ta zo ta gan ka kwance cikin silifa."

Haka aka fara. Ba zan ba ku labarin layi da kati da komawa gobe ba, kun san asibiti. Abin da ya kamata ku sani shi ne ƙarshenta suka ce sai sun duba cikin hanjin da kyamara, kuma ta ƙasa za a shigar da ita. Da na ji haka na ce a kai kasuwa. Na dawo gida na ce da mahaifiyarku ni da asibiti har abada, ina da 'ya'ya, gemuna ya fara fari, ba zan kwanta yaran da na girma su leƙa ni ba. Tana tankaɗe a lokacin, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban Hafsa, sau nawa na kwanta a asibitin nan aka leƙa ni don in haifa maka 'ya'ya? Ko ni ba ni da kunyar ne?"

Na sha maganin wankin cikin da suka ba ni, na wuni ina zarya, washegari na je na kwanta a gefe guda na rufe ido ina salati. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Amma an gama kafin azahar, kuma ban mutu ba. Suka ce sun ga tsiro a jikin babban hanji, wasu ƙanana, ɗaya kuma ya kai ƙwallon dabino, yana da wuya kamar naman kazan nan mai tsirowa a ƙasa da damina. Shi ne ke zubar da jinin. Basir ɗin ma akwai shi, ɗan kaɗan, amma ba shi ne ɓarawon ba. A take suka yanke su da wata 'yar waya, suka ce za su aika da naman a duba.

Da na koma karɓar sakamako, wani matashin likita na tarar, siriri, daga jin harshensa ɗan Katsina ne. Ya ce babban tsiron bai kwanta musu a rai ba, shi ya sa aka ƙara tura shi wani wurin aka yi masa gwaji na biyu. Ya fara bayani da Turanci, ya ga na zuba masa ido kamar saniya, sai ya tsaya.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Gwanjon takalma."

"Madalla, ka sauƙaƙa mini. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ido ba ya ganin su. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka, kuromosom muke ce musu. Su ne ke gaya wa ƙwayar yaushe za ta rabu ta zama biyu, yaushe za ta tsaya. Bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, jeri ashirin da uku. Ka ɗauka hagu da dama ne."

"Na gane."

"To a cikin tsiron da muka cire maka, lissafin ya rikice. Wata ƙwayar ka tarar da hagu uku dama ɗaya. Wata babu damar sam. Wata kuma kayan sun yi mata yawa gaba ɗaya."

"Dilar banza ke nan," na ce.

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya daina. Ya ce ba ciwon daji ba ne tukuna, in gode wa Allah. Amma tsiron da lissafinsa ya rikice haka ya riga ya kama hanya, don ƙwayar da ta rasa umarninta ba ta san tsayawa ba. Da an bar shi wasu shekaru, mai yiwuwa da wani zancen muke yi. Ya ce zan riƙa dawowa ana sake dubawa. Ni kuwa ku ne kuka faɗo mini a rai. Na tambaye shi ko na riga na zuba wa 'ya'yana wannan wari a jini. Ya ce a'a, rikicewar a cikin tsiron kaɗai ta faru, ba a jikina duka ba, ba a gadonta. Amma saurin fitar da irin wannan tsiro, shi kam yana iya bin gida. Sai ya ajiye biro ya dube ni.

"Me ya yi ajalin mahaifinka?"

Na buɗe baki zan ce basir, sai kalmar ta maƙale. Na ga cikin Baba kamar tulu, na ga tsummokaran da Inna take wankewa a bayan ɗaki tana ɓoyewa. Na ba shi labari yadda ya faru. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan wanda bai gani ba, amma in ina da 'yan'uwa ciki ɗaya, musamman wanda ya girme ni, to in kawo su a duba, ko da lafiyarsu ƙalau.

Yaya Sabo kuwa ba ƙalau yake ba. A hanyar gida na gaya wa mahaifiyarku abin da likita ya ce. A ƙofar gida ta ce mini matar Yaya, Umma Rabi, ta daɗe tana gaya mata a ɓoye cewa wandunansa ba sa wankuwa, kuma ya koma cin rabin abin da yake ci. Mata sun sani tun tuni. Mu maza ne ba a gaya wa.

Na same shi a wurin motarsa da hantsi, lasifika na ta yi, shi yana zaune a inuwa yana ƙulla gari a leda. Labarin kyamara ya riga ni isowa, don a Tarauni ba a ɓoye komai.

"A'a, lale da mai kyamara! Habu, an ce har talabijin aka nuna ka. Ya hasken? Sun ga abin da ka ci shekaranjiya?"

Masu zama wurinsa suka kwashe da dariya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina son magana da shi mu biyu. Muka koma bayan motar. Na gaya masa komai, tsiron, takalman, tambayar da aka yi mini a kan Baba. Na ce Yaya, don Allah ka zo mu je, wuni ɗaya ne, babu wanda zai sani. Yana saurare yana murmushi, amma na ga hannunsa ya daina ƙullin.

"Ka gama?"

"Na gama, Yaya."

"Ka ji abin da ke fita daga lasifikar can? Muryar wa ce?"

"Taka ce."

"To mai wannan muryar ne zai je ya bi layi, ya kwanta, a zura masa tiyo saboda jinin basir? A asibitin da rabin masu sharar cikinsa a wurina suke sayen magani? Kafin in ɗaura wando labari ya iso nan. Ka ce mini babu wanda zai sani. Kai wa ya sani da aka yi maka?"

"Yaya, ba basir ba ne."

"Habu, ni na goya ka. Tashi ka tafi kasuwa."

Na tafi wurin Inna. Kun san Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce yayanka, ko mai motar nan. Na ɗauka in ta sa baki zai ji. Tana jin na ambaci ciwon daji ta ɗaga hannu ta toshe mini baki, da tafin hannunta, kamar ina yaro.

"Kul! Ba a kiran sunan wannan abu a gidan da ake da rai. Ka tofar da yawu. Kai an yi maka naka ka warke, to ka gode wa Allah ka bar yayanka da nasa. Ubanku da wannan maganin ya rufa mana asiri."

Na koma wurin Yaya ba sau ɗaya ba. Na aika Maman Uche, ya sayar mata da dariya ya ba ta kyautar ƙulli. Na roƙi Umma Rabi, ta ce ita ba ta isa ba, kuma in na ce ita ta faɗa aurenta ne zai mutu. Ina kallon wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Duk dilar da na yanke a watannin nan, in na ɗaga wari sai in ce yanzu haka nasa yana can yana ƙaruwa, hagu a kan hagu, ba mai tsayar da shi. A nan na yanke shawarar da ake zagina da ita har yau. Na ce tunda ya fi ƙarfina a ɓoye, bari in kai shi gaban waɗanda suka fi ƙarfinsa. A gidanmu ba a taɓa ƙin maganar Baffa ba, ƙanen Baba, kuma Baffa ba ya zuwa sai da Babbar Sallah.

Washegarin Sallah ne. Ana suya a tsakar gida, ƙamshi ya cika unguwa, maza muna zaure an ajiye mana tire. Baffa na tsakiya, Yaya na damansa, ga surukai, ga maƙwabta biyu da suka shigo gaisuwa, ga Abba babban ɗan Yaya, wanda ya ci sunan Baba, lokacin ya zama saurayi yana taya shi tuƙi. Na so in jira baƙin su tafi. Ba su da niyyar tafiya, Baffa kuma ya fara neman takalminsa. Sai na ce Baffa ina da magana. Na faɗe ta a fili, da kalmomin da ba a faɗa a zaure. Na ce Yaya yana zubar da jini, ya daɗe. Na ce abin da aka cire mini yana hanyar zama daji ne, ina kuma zargin shi ya kashe Baba, ba basir ba. Na ce in ba a tilasta wa Yaya ya je an duba shi ba, ina tsoron Sallar da za mu yi babu shi.

Yaya ya ajiye tsokar da ke hannunsa a hankali, ya goge yatsunsa.

"Baffa, ka ji ko? Ya tona mini asiri a gaban surukaina. Ya ce ubanmu ƙarya ya sayar har ya mutu. Sannan ya yanka mini likkafani da bakinsa, ranar Sallah." Ya juyo gare ni. "In na mutu, Habu, kai ne. Kowa ya shaida."

Na zuba wa Baffa ido. Shi kaɗai nake jira. Ya dubi tabarma, ya ce:

"Habu, ba a haka. Ko gaskiya ce, ba a haka. Ba wa yayanka haƙuri."

Shi ke nan abin da dattijon ya iya. Ba wanda ya ce Sabo, gaskiya ne kana zubar da jini? Ba wanda ya tambaya, ko mutum ɗaya. Duk hankalinsu yana kan yadda na faɗa, ba abin da na faɗa ba. Na ba da haƙuri don Baffa ya ce in bayar, na kuma ƙara da cewa amma dai a je asibiti. Abba ya tashi ya riƙe mini ƙofa, ya ce Baffa Habu, fita. Yaron da aka yi sunansa ina riƙe da ragon.

Daga ranar Yaya bai ƙara amsa sallamata ba. Maƙwabtan nan biyu suka kai zance gari, aka fara cewa mai maganin basir ƙanensa ma asibiti ya je, kasuwarsa ta ja baya na wani lokaci, wannan ma aka ɗora mini. Inna ta ce kada in ƙara taka gidanta sai na je na janye bakina, kamar magana igiya ce. Ku kuka daina zuwa wasa da 'yan'uwanku. A masallaci in na shiga sahu wani sai ya matsa.

Sallah biyu aka yi ba ni. Ana cikin zafin bazara Umma Rabi ta aiko a gaya mini cikinsa ya toshe, ba gaba ba baya, yana amai, an ɗauke shi a Adaidaita. Asibitin da ya ƙi zuwa da ƙafarsa wuni ɗaya, nan aka kai shi a kwance. Suka buɗe, suka yanke abin da za su iya, suka fitar masa da hanji ta gefen ciki suka manna jaka. Suka ce ya riga ya kai hanta. Na je da la'asar. Abba na bakin ƙofa, ya kawar da kai amma bai hana ni ba. Da ƙyar na gane Yaya. Fuskar Baba ce sak a kan filo. Na durƙusa a gefen gadon na gaishe shi kamar yadda na saba.

"Mai kyamara," ya ce. Muryar ta zama siririya.

"Na'am, Yaya."

"Naka da suka cire, ya girmansa?"

"Kamar ƙwallon dabino."

"Ƙwallon dabino." Ya rufe ido. "Nawa sun ce ya kai dunƙulen hannu. A da shi ma ƙwallon dabino ne ko?"

Na gyara masa filo. Sai ya buɗe ido ya ce:

"Sake gaya mini zancen takalman nan. Ranar ban saurara ba."

Na sake gaya masa, hagu da dama, jeri ashirin da uku, da yadda wari ke taruwa har ƙwaya ta manta tsayawa. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba. Na ɗauka zai ce in yafe masa, ko ya kira Abba ya ce ƙanena bai yi mini baki ba. Wallahi na jira wannan kalmar kamar mai jiran ruwa. Sai ya kamo hannuna ya ce:

"Habu, motar nan ita ce abincin yaran. In aka ji abin da ya kashe ni, ta mutu. Kada ka faɗa a kasuwa. Ka bari a ce ajali ne."

"Yaya, cewa ake ni na kashe ka."

"Na sani. Kai kana da rumfa. Su ba su da komai sai lasifika."

Na yi masa alkawari. Mutum na mutuwa, ya goya ka, me za ka ce? Bai kai damina ba. A zaman makoki ina zaune a ƙarshen tabarma ina jin ana ƙus-ƙus, wai tun ranar Sallar nan bai ƙara lafiya ba, baki mugun abu ne. Na haɗiye. Ranar ce kaɗai na ji Inna ta kira sunansa, daga cikin ɗaki, sau ɗaya, da ƙarfi. Ni kuwa har ta koma ga Allah ba ta ƙara duban idona sosai ba.

To ku ji. Alkawarin da na yi shi ne ba zan faɗa a kasuwa ba, kuma ban faɗa ba, shekara da shekaru ina ɗauke da sunan mai mugun baki a Tarauni ban ce uffan ba. Amma ban yi alkawarin ɓoye wa 'ya'yana ba. Kuma ban yi nadama ba, kada wani ya gaya muku na yi. Da za a mayar da ni zauren nan, ga tire ga Baffa ga baƙi, zan sake faɗa, sai dai in ƙara ɗaga murya. Bakina bai sa wa kowa ciwo ba. Ciwon yana ciki tun yana ƙwallon dabino, lokacin da 'yar waya za ta iya cire shi kafin azahar.

Ni har yau ina komawa, ina shan maganin wankin ciki, ina kwanciya a gefe guda. Sun ƙara cire wani ƙarami. Likitan ya ce ku ma kada ku jira sai kun kai shekaruna, ku je da wuri ku faɗa musu tarihin gidanku, su za su gaya muku lokacin da ya dace. Hafsa, ke ma, ba maza kaɗai yake bi ba. In kun ga jini kada ku sa masa suna da kanku. In an yi muku dariya, ku bari a yi. Ni an yi mini, ga ni ina rubutu.

Abba na aika masa sau da dama ta hannun mahaifiyarsa, na ce ya tuna da ubansa da kakansa, ya je a duba shi. Ya ce a gaya mini bakina ya ishe su haka. Shi ke da motar yanzu. Ya sake mata fenti, ya sayi sabuwar lasifika, amma bai sake naɗin murya ba, don ya san ba shi da bakin ubansa. Tsohon naɗin yake sakawa. Kullum da hantsi in na fito zan tafi rumfa, ta nan nake bi, ba na zagayawa. Tun daga nesa nake jin Yaya Sabo, da ƙarfinsa, da dariyarsa, yana cika titin Gyaɗi-Gyaɗi:

"Bawan Allah, kada ka ji kunya, matso kusa!"

Ina tsayawa in yi sallama. Abba ba ya amsawa. Sai in ɗan duba wuyan rigarsa, in wuce.